Kod Ya Yi Aiki, Amma Wa Ya San Dalili?

Kwanakin baya wani yaro da ke koyon aikin manhaja a hannuna ya shigo da kwamfutarsa yana fara'a. Ya haɗa shafin da iyaye za su riƙa biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma cikin kwana uku ya gama, aikin da a shekarun da nake sa'arsa sai ya cinye mini wata guda. Na gwada. Ka sa sunan ɗalibi, ka sa kuɗi, rasit ya fito da lambarsa. Sai na ɗora yatsa a kan wani layi na ce, "Wannan fa, mene ne aikinsa?" Ya ɗan yi jim, ya ce, "Wallahi Malam, shi ya rubuta." Na ce, "To, in iyaye biyu suka danna biya a daƙiƙa guda, wa zai samu wace lamba?" Ya yi shiru. Tambayar ba ta taɓa zuwa masa ba.

"Shi" ɗin nan da yake nufi manhajar ƙirƙirarriyar basira ce, irin wadda yau take zaune a gefen allon kusan kowane mai rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don gina manhaja. Yaron ba rago ba ne, cikin waɗanda suka bi ta hannuna yana sahun gaba, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Tun ranar nake juya maganar, kuma duk ta inda na ɓullo sai in tarar abubuwa ukun da 'yan sana'armu ke yawan gardama a kansu, wato mataimakan nan na kwamfuta, da wayar hannu, da kewar intanet ɗin zamanin da, ashe jijiyarsu ɗaya ce. Magana ce ta ko mutum zai iya buɗe abin da yake aiki da shi ya leƙa cikinsa, ko kuwa a rufe ake miƙo masa.

GitHub, dandalin da akasarin masu kod na duniya ke ajiye aikinsu, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, shi ne ya fito da Copilot a watan Yunin 2021. Kana rubutu yana ƙarasa maka layi, wani lokaci ma ya ƙarasa maka sashen aikin gaba ɗaya. Ranar 30 ga Nuwamban 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, daga nan sai ga su Claude da Gemini da Cursor sun cika kasuwa. Zuwa Fabrairun 2025, wani sanannen masanin fannin, Andrej Karpathy, ya bayyana wani salon aiki inda mutum zai riƙa faɗa wa na'ura abin da yake so, ya karɓi duk abin da ta bayar ba tare da ya karanta kod ɗin ba. Shi dai ya ce a ƙananan ayyukan gwaji na ƙarshen mako salon ya dace, amma da yawa sun ɗauki salon sun yar da sharaɗin.

Kafin a yabi abin ko a kushe shi, ya kamata a san yadda yake aiki. An ciyar da waɗannan manhajoji rubutu mai ɗimbin yawa, har da kod ɗin da miliyoyin mutane suka ajiye a fili, aka horar da su kan abu guda: in ga farkon magana, wane guntun kalma ya fi dacewa ya biyo baya? In na ce maka "ruwa ba ya tsami", tun kafin in rufe baki ka ce "banza", domin kunnenka ya sha jin karin maganar. Haka na'urar take yi da kod, kuma ta ƙware ƙwarai, saboda yawancin kod maimaici ne, an rubuta irinsa sau dubu kafin kai. Inda kuka bambanta shi ne, in na ƙago farkon wani karin magana da babu shi a Hausa, kai za ka ce, "Wannan kam ban san shi ba." Ita kuwa sau da yawa sai ta ƙarasa shi da abin da ya yi kama da karin magana, da amonsa da nauyinsa, ba tare da muryarta ta canza ba. Daidai da kuskure duk da murya ɗaya suke fitowa.

Wannan hali yana da haɗarin da wanda ba ya cikin sana'ar ba zai hango ba. Babu mai gina manhaja daga tushe shi kaɗai, kowa yana jawo ƙunshin kod da wasu suka riga suka rubuta, ya kira shi da sunansa, kwamfuta ta sauko da shi. An sha kama mataimakan nan suna ƙago sunan ƙunshin da babu shi a duniya. Wani mai binciken tsaro ya lura da wani suna da suke ta maimaitawa, sai ya je ya yi rajistar ƙunshi fanko da wannan sunan don ya ga abin da zai faru. Cikin 'yan watanni aka sauke shi sau dubbai. Da ɓarawo ne ya riga shi yin rajistar, ya cusa abin satar bayanai a ciki, da duk waɗannan mutane da hannunsu suka buɗe masa ƙofa.

Sai batun sauri, wanda shi ne babban tallan da ake yi. A watan Yulin 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararrun masu kod 16, a kan ayyuka 246 cikin manyan manhajojin da su da kansu suka daɗe suna kula da su. Wasu ayyukan aka bar su su yi da mataimaki, wasu aka hana. Kafin a fara sun yi hasashen mataimakin zai rage musu lokaci da kashi 24 cikin 100. Da aka duba agogo, sai aka ga lokacin ƙaruwa ya yi da kashi 19. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, bayan sun gama, kafin su ga alƙaluman, sun yi imanin ya rage musu kusan kashi 20. Gwajin ƙarami ne, na mutanen da suka san kod ɗinsu kamar yunwar cikinsu, da kayan aikin farkon 2025, don haka ba hukunci ne a kan kowa ba. Amma ya nuna abin da na sani a jikina: ganin layuka suna zubowa yana sa ka ji kana gudu, ka manta da lokacin da ya tafi wajen karantawa, da gyarawa, da sake yi wa na'ura bayani.

Ni ina amfani da su kullum, kuma ba zan daina ba. Aikin da na riga na san yadda ya kamata ya fito, amma rubuta shi gajiya ce kawai, ita nake miƙa wa, in karanta, in gyara. Sannan ina tuna yaron da ke koyo a Gusau ko Maraɗi ko Azare, wanda a duk unguwarsu babu wanda zai tambaya. Ƙarfe biyun dare kwamfuta ta watso masa saƙon kuskure da Turancin da ko Bature sai ya yi tunani. A da, wannan saƙon kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura da sana'ar, kuma na san waɗanda suka haƙura. Yau zai kwafa ya miƙa, a warware masa dalla-dalla, ya sake tambaya sau goma babu mai tsaki, babu mai ce masa tambayar ta yara ce. Duk wanda ya raina wannan ni'ima, to bai taɓa koyo shi kaɗai ba.

Damuwata tana wani wuri daban. Ka je garejin makanikai ka ga yadda ake yin gwani. Yaro yakan shekara yana wanke ƙarafa da fetur, yana miƙa sifana, yana kwance taya. Yaron tela kuma da sa maɓalli da guga yake farawa. Ana ganin kamar bauta ce, alhali a nan ne hannu ke sanin nauyin kowane ƙarfe, kunne ke koyon kukan inji mai lafiya, har wata rana mota ta shigo ya ce matsalar daga wuri kaza take tun ba a buɗe bonet ba. A sana'armu ma akwai wanke ƙarafa: ƙananan gyare-gyare, da rubuta fom, da kwana biyu kana farautar waƙafi ɗaya da ya ɓata komai. To waɗannan su ne ayyukan da na'ura ta fi iyawa, su ta fara ɗaukewa. Gwani yana ƙaruwa da ita domin yana da ma'aunin da zai auna abin da ta ba shi. Mai koyo kuwa ma'aunin yake nema, kuma hanyar samunsa ita ce aikin da aka ɗauke masa. Kamfanin da ya daina ɗaukar ƙananan ma'aikata yau saboda na'ura ta wadatar, nan da shekara goma a ina zai samo manya?

Akwai kuma abin da mu da muka taso a zauren karatu muka fi kowa saninsa. In mutum ya kawo magana a ilimi, tambayar farko ita ce, daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji? A 2008 Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu kod. Yana da aibinsa, domin an sha kunyata sababbin shiga, a rufe musu tambaya a ce an taɓa yin irinta. Amma kowace amsa a can tana da mai ita, da ranar da aka rubuta ta, da yawan waɗanda suka gwada suka yarda da ita. A ƙarƙashinta sai ka ga wani ya zo bayan shekara uku ya ce wannan hanya ta daina aiki a sabon zubi, ga wadda ta maye gurbinta, wani kuma ya ce a yi hattara, tana buɗe ƙofar kutse. Rabin abin da na koya daga wannan jayayya ta ƙasan amsa na koye shi. Amsar mataimaki ba ta zuwa da kowa a bayanta. Ba ka san ko daga kod ɗin 2012 ta tsinto ba, ba ka san ko an taɓa yi mata raddi ba.

A Disamban 2022 masu kula da dandalin suka hana liƙa amsoshin ChatGPT, suka ce da yawa daga cikinsu suna kama da daidai alhali ba daidai ba ne, kuma yawansu ya fi ƙarfin masu tantancewa. Hanin bai hana mutane ƙaura ba, yawan sababbin tambayoyi a dandalin ya faɗi warwas tun daga lokacin. A nan akwai asarar da ba a gani. Da, in na tambaya a fili aka amsa mini, amsar ta zama ta duk wanda zai zo bayana. Yanzu ni da na'ura ne a ɗaki, in mun warware matsala, maganin ya tsaya tsakaninmu. Rijiyar da na'urar kanta ta sha ta ƙoshi, kowa na ɗiba, masu yasa suna raguwa. Masu kula da buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kod ɗinsu ke a fili ga kowa, kuma wani nauyin aka ƙara musu. Daniel Stenberg, mutumin Suwidin da ke kula da curl, wata ƙaramar manhaja da ke cikin biliyoyin na'urori, tun farkon 2024 yake kokawa kan rahotannin matsalar tsaro na bogi da ake haɗawa da na'ura a turo masa, waɗanda sai ya ɓata awanni kafin ya tabbatar babu komai a cikinsu.

In ana son a ga amfanin mutumin da ya san cikin abu, a tuna watan Maris na 2024. Wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund yana wani gwaji nasa, sai ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, kuma yana cin ƙarfin na'ura fiye da kima. Mutum dubu za su wuce ba su kula ba. Shi ya bi sawu, ya yi ta tono har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfuta mai aiki da tsarin Linux ke ɗauke da ita. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa a aikin har aka amince da shi aka ba shi makulli. Da sabon zubin ya bazu, da ɗimbin manyan kwamfutocin da intanet ke tsaye a kansu sun shiga hannun wanda ba a san ko wane ne ba. Kunnen makaniki ne ya yi aiki a ranar, na mutumin da ya san yadda inji mai lafiya ke kuka.

Irin wannan kunnen a ina tsararmu ta same shi? Ni dai a kafen intanet na fara. Ka sayi awa ɗaya, a ba ka 'yar takarda mai lamba, agogo na ƙirga maka a kusurwar allo, janareta na ruri a waje. Mai ƙaramin ƙarfi ya jira na dare, wanda ake biya sau ɗaya a kwana ana yi har asuba. A can wani ya nuna mini abin da ya canza mini rayuwa: kana kan kowane shafi, ka danna Ctrl da U, sai ga tushen shafin tsirara, duk rubutun da aka gina shi da shi. Na kwafe na zuba a Notepad, na canza kalma, na canza launi, na buɗe, sai ga shafin ya bi umarnina. Babu wanda ya ba ni izini, babu kuma wanda na nema a wurinsa. Haka aka gina yanar gizo tun asali. Tim Berners-Lee ya tsara ta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Siwizalan daga 1989, a ranar 30 ga Afrilun 1993 kuma cibiyar ta sake ta kyauta ga duniya, ba lasisi ba haraji.

Ko da waya ta zo, ƙofar ba ta rufe nan take ba. A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, lokacin layi kaɗai ya haura naira dubu goma, minti ɗaya naira hamsin, sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa farashi ya fara saukowa. Bayan 'yan shekaru ƙananan wayoyin Nokia masu Java suka cika hannun matasa, da Opera Mini, burauzar wani kamfanin Norwe da ke matse shafi a kwamfutocinsa kafin ya turo maka, don kada katinka ya ƙone. Zamanin 2go ke nan da tura fayil ta Bluetooth. Saitin intanet da hannu ake shigar da shi, shi ya sa za ka tarar da ɗan sakandare ya san adireshin IP, ya san abin da ake nufi da firoksi. Gaskiya ne da yawa neman intanet na ɓagas ne ya kai su, kuma wannan cin haƙƙi ne, ba na wanke shi. Amma na san ƙwararrun injiniyoyin sadarwa a yau da daga wannan taɓe-taɓen sha'awarsu ta tsiro.

Wayar zamani, tun daga iPhone a 2007 da Android a 2008, da wata niyya aka ƙera ta. An yi ta ne don kallo da saurare da shafa gilashi, kuma ta yi fice a haka. Amma a manhajar waya babu Ctrl da U. Fayil ma an ɓoye inda yake zama, har ta kai ina samun ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda suka girma da waya a hannu, in na ce su nuna mini foldar da suka ajiye aikinsu sai su rasa abin da nake nufi, domin a waya ba a taɓa tambayarsu ina abu yake ba. Jikin wayar ma haka. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka tambayi masu gyara. Da, da farce ake ɓalle murfi a canza batir. Yanzu sai an gasa gam an ɗaga gilashi, wasu wayoyin kuma ko ka sa musu sikirin ko batir na asali daga wata wayar irinsu, sai su riƙa nuna gargaɗi, saboda kamfani ya ɗaure kowane sashe da lambar wayar da ya fito da ita.

Mai son ya ƙera manhaja ya raba wa jama'a kuwa, sai ya bi ta hannun mai gadi. Apple na karɓar dala 99 duk shekara, kayan aikinsa na Xcode a kwamfutar Mac kaɗai suke tafiya, kuma yana yankar kashi 30 cikin 100 na cinikin cikin manhaja, ko 15 ga ƙananan masu sana'a. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya. Sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin Apple ya yarda, a 2024, a buɗe wasu shagunan manhaja a kan iPhone a ƙasashenta. Android ce dama mai sassauci: yaro ya haɗa manhajarsa ya tura wa abokinsa ta Xender ya sa a wayarsa, shi ke nan. Akwai ma Termux, wadda ke mayar da waya ƙaramar kwamfutar Linux, kuma na ga waɗanda ba su da kuɗin laftof sun koyi harshen kod na Python da ita, da manyan yatsu biyu. A watan Agustan 2025 Google ya sanar cewa zai fara neman duk mai ƙera manhaja ya tabbatar da ko shi wane ne, ko da ba ta shagonsa zai raba ta ba, kuma a 2026 za a fara da Birazil da Indonesiya da Singafo da Tailan. Dalilin da ya bayar shi ne yaƙi da 'yan damfara, kuma damfarar gaskiya ce, duk mun san wanda aka kwashe wa asusu. Sai dai kowane sabon makulli, mai koyo marar gata shi yake fara tsayarwa a waje.

Duk da haka, in abokan aikina suka fara zagin waya suna yabon zamanin kafe, ba na bin su har ƙarshe. Kafin 2001, layukan tarho a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga mutum sama da miliyan ɗari. Intanet ɗin da muke kewa na 'yan tsiraru ne: maza, 'yan birni, 'yan boko masu jin Turanci. Mace nawa ce za a bari ta kwana a kafe? Wayar nan da muke kushewa, musamman masu araha irin su Tecno da itel da Infinix na kamfanin Transsion na China, ita ta shigo da tsohuwar da ba ta karanta boko amma tana aika saƙon murya ga ɗanta da ke Legas, da matar aure mai sayar da turaren wuta daga cikin ɗakinta, da manomin da ke jin farashin masara a Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Ba zan musanya wannan da komai ba.

Su ne ma ya kamata mai kod na nan ya riƙa gani a gabansa, kuma a nan mataimaki kan karkace da shi. Yawancin kod ɗin da na'urar ta koya an rubuta shi ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, sabis ba ya rawa, waya tana da wadataccen wuri. In ba ka ja mata linzami ba, irin wannan za ta ba ka. Matsakaicin shafin intanet a yau ya haura megabait biyu, ga mutumin da ke sayen datar naira ɗari biyu, a ƙasar da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mataimakin kansa da dala ake biyansa. Dala 20 a wata, a lokacin da dala ta haura naira 1,500, ya kai naira dubu talatin, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Kuma ba a kwamfutarka yake zaune ba. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni. Wanda duk iyawarsa tana can cikin kwamfutocin wani kamfani a Amurka, ranar irin wannan hannunsa fanko ne.

To mece ce gaskiyar da ke cikin kewar? Ba jinkirin buɗe shafi muke kewa ba, ba kuma ƙarar janareta ba. Abin da aka rasa shi ne zama a gidan kanka. Da, mutum kan buɗe shafinsa, mummuna ko kyakkyawa, da adireshinsa, wani ya nuno shi daga nasa shafin. 'Yan arewa sun yi ta tafka muhawara a shafukan Gamji da Kano Online, marubuta da masu nazarin finafinan Hausa suna da zaurukansu a Yahoo, ana rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ɗigon waƙafi a gefe domin haruffan ba sa fitowa a allo. Amma ko a lokacin, da yawanmu haya muke ba mu sani ba. A watan Oktoban 2009 Yahoo ya rufe GeoCities, inda miliyoyin mutane suka gina shafukansu na farko, sai abin da 'yan sa-kai da ma'ajiyar Internet Archive suka yi gaggawar kwashewa. A Disamban 2020 ya rufe Yahoo Groups baki ɗaya, bayan ya riga ya goge tsofaffin saƙonnin da ke ciki. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma.

Wannan ya fi yi wa mai Hausa ciwo fiye da mai Turanci. Ba a taɓa yin zamanin da ake zuba Hausa a na'ura kamar yau ba, amma ina take zuwa? Tana cikin saƙon murya na WhatsApp, da bidiyon TikTok, da dogayen rubuce-rubucen Facebook waɗanda bayan mako biyu ko mai su da ƙyar yake gano su. Littattafan da marubuta mata ke saki babi-babi a zaurukan WhatsApp, in waya ta faɗa ruwa ko aka rufe asusu, wani lokaci sun tafi ke nan. Mai bincike ba ya samunsu, ɗan da za a haifa gobe ba zai same su ba. Shi ya sa in ka yi wa mataimakan nan Hausa, sau da yawa sukan amsa da Hausar da ƙashinta na Turanci ne, domin abin da suka tarar a fili kaɗan ne, kuma mai yawa a cikinsa fassara ce. Duk malamin da na gani yana zuba ilimi a Facebook kaɗai, ina roƙonsa ya buɗe ko ƙaramin shafi ne nasa, ya riƙa ajiye kwafi a can, wani kwafin kuma a kwamfutarsa.

Yaron nan ban hana shi mataimakinsa ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya masa: duk layin da zai shiga aikin da mutane za su sa kuɗinsu, sai ya iya yi mini bayaninsa da Hausa, kwamfuta a rufe. Sannan muka zauna muka tura biya biyu a lokaci guda. Duka biyun suka fito da rasit mai lamba 41. Ashe kod ɗin yana duba lambar ƙarshe ne ya ƙara ɗaya, to in biyu suka duba tare, abu ɗaya suke gani. Na ce ya je ya nemo maganin, ya tambayi na'ura in yana so, amma ya dawo mini da dalili. Kwana biyu ya yi. Ya dawo ya ce, "Malam, ai ba ni ya kamata in ƙirga ba. Rumbun bayanan ne zai riƙa ba da lambar da kansa, kuma in sa masa dokar kada ya karɓi lamba ɗaya sau biyu." Gyaran bai wuce layi biyu ba. Yana rufe kwamfutar sai ya tsaya, ya ce, "To Malam, in banki ya cire kuɗin mutum, sabis ya ɗauke kafin rasit ya fito fa?" A kan wannan muke tun ranar Litinin.